Ciwon prostat: tsoho na fama a ɗaka, mu muna neman magani cikin waya



Akwai wani kira da duk wanda ya taɓa riƙe shirin kiwon lafiya a gidan rediyo ya san shi. Ba ya shigowa lokacin da ake shiri kai tsaye. Sai an yi sallama da masu saurare, mutum ya fito yana ƙoƙarin tada babur, waya ta yi ƙara. Namiji ne, murya ƙasa-ƙasa. Zai yi doguwar gaisuwa, ina gida, ina aiki, ina zafi, kana ya ce: "Malam, wani abokina ne ke da ƴar matsala." Matsalar abokin ita ce fitsari. Yana tashi sau biyar ko shida cikin dare, in ya tsuguna sai ya yi ta jira, abin ya zo ɗis-ɗis, ya miƙe kuma yana jin da saura. Alwala ba ta zama. Tuni muka daina tambayar sunan abokin.

Kira na biyu ya fi wannan yawa yanzu, kuma ba na mai ciwon ba ne, na ɗansa ne ko ɗiyarsa. Za a turo mana hoton takardar analiz ta WhatsApp, an zagaye haruffa uku da biro: PSA. A ƙasa a rubuta: "Don Allah mi ke nan? Kansa ce?" Mu ba lokotoro ba ne, iyakarmu mu ce a koma wajen wanda ya rubuta analiz ɗin. Amma in hira ta ɗan yi tsawo, sai mu tarar kafin a kira mu an riga an yi kwana da kwanaki cikin Facebook da TikTok, an riga an tura kuɗi ga wani da ba a taɓa gani ba, tsoho kuma ya fara shan wani baƙin ruwa cikin gora marar suna.

Wani matashi ɗan kabu-kabu ya ba mu labarin nasa mahaifin. Wata bakwai yana sayen irin wannan gora daga wani mai bidiyo, jika 60 suka tafi a hankali, kuɗin da ya tara a kan titi cikin rana. Wani dare fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, tsoho yana murƙususu. Aka kai shi likita, aka sa masa roba, aka yi bincike, lokotoro ya ce ciwon ya riga ya kai ƙashin baya. Abin da yaron ya faɗa mana har yau muna jin sa: "Ni fa na yi bincike, Malam. Wallahi ban zauna ba." Gaskiya ya faɗa, bai zauna ba. Kawai inda ya je binciken kasuwa ce, shi yana tsammanin makaranta ya shiga.

Shi ya sa ba mu cikin masu cewa jama'a su ajiye waya su daina tambayarta ciwo. Ba za su ajiye ba, kuma bai kamata ba. Namijin da ke jin nauyin faɗa wa matarsa, da ba zai iya buɗe baki gaban majo mace a CSI na unguwarsu ba, wayar ita ce wurin farko da zai yi tambaya ba tare da kowa ya gan shi ba. Damuwarmu ita ce wa yake tararwa in ya yi tambayar da Hausa.

Tun daga suna matsalar ke somawa. Mu nan muna cewa prostat, kamar yadda muka ji a bakin likitoci. A labaran Hausa da yawa na intanet kuwa za ka ga an rubuta "sankarar mafitsara". To mafitsara daban, prostat daban. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa. Prostat wani ɗan nama ne kamar goro, maza kaɗai ke da shi, yana zaune ƙarƙashin mafitsarar, ya zagaye hanyar da fitsari ke bi, kuma shi ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Mafitsara ma tana yin tata kansar, kuma a ƙasa irin tamu da tsargiya ta yi yawa a bakin kogi da tafkuna wannan ba ƙaramar magana ba ce, don tsargiyar da ta daɗe ba a yi magani ba tana cikin abubuwan da ke jawo ta. Ciwo biyu ne, bincikensu daban, maganinsu daban, amma cikin waya an ɗaura musu suna guda.

Na biyu, ba duk wahalar fitsari ce kansa ba. Yawancin maza in shekaru suka ja, prostat ɗinsu yana girma, ya matse hanya. Wannan kumburin tsufa ne, likitoci na ce masa adenom, ana maganinsa da ƙwaya ko a yi aiki, kuma ba shi ne kansa ba. Akwai kuma kumburin da ƙwayoyin cuta ke kawowa, mai zuwa da zazzaɓi da zafin fitsari. Ita kansar kuwa, ga abin da masu bidiyo ba su taɓa faɗa: a farkonta galibi ba ta da alama ko ɗaya. Mutum na iya yawo da ita shekaru yana fitsari lafiya lau. Lokacin da ciwon baya da ƙugu da rama suka zo, sau da yawa ta riga ta fita daga inda ta fara. Ke nan wanda ya ce maka zai gane ciwonka daga bayanin da ka turo masa ta bokal, bai taɓa ka ba, bai ga jininka ba, ya yi abin da babban lokotoron da ya shekara talatin yana aiki ba ya iya yi.

Ita ma PSA ɗin da ke hana mutane barci, gwajin jini ne kurum, ba hukunci ba. Ana yawan ɗaukar 4 a matsayin iyaka, amma kumburin tsufa na ɗaga ta, ciwon hanyar fitsari na ɗaga ta, robar fitsari na ɗaga ta, har kusantar iyali a kwana biyun da suka gabaci gwajin na iya taɓa ta. Hukumar lafiya ta Ingila ta yi bayanin cewa kusan uku cikin huɗu na mazan da PSA ɗinsu ta hau ba kansa gare su ba, kuma akwai masu kansar da tasu ba ta hau ba. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin yatsa ta dubura, wanda mazanmu ke gudu kamar mutuwa alhali bai kai minti guda ba, sa'annan in akwai shakku a ciri ɗan ƙanƙanin nama a duba. Wannan cirar naman, biyopsi, ita kaɗai ke tabbatarwa. Duk wanda ya ce maka kana da kansa ba tare da ita ba, zato yake, ko ciniki.

Yanzu mu zo ga abin da mutum ke tararwa in ya rubuta "maganin prostat". Kun san su. Wani ya sa farar riga ya rataya abin awon ƙirji a wuya, bayansa kwalabe jere. Wani ya sa rawani. Akwai wanda ke karanto ayoyi kafin ya ba da lambar waya. Akwai saƙon nan da ya shekara da shekaru yana zagaye gurup-gurup na masu Faransanci, wai ɗan itacen korosol ya fi maganin asibiti ƙarfi sau dubu goma, wai kamfanoni ne ke ɓoyewa. Akwai na lemun tsami da bikarbonat. Dukansu hanyarsu ɗaya: su tsorata ka da aikin likita, su ce za a kashe maka mazakuta, su nuna maka wani dattijo yana rantsuwa ya warke cikin sati biyu, sai lambar tura kuɗi.

Kada a fahimce mu baibai. Ba mu raina zogale ba, ba mu raina tafarnuwa ba, da su aka rene mu, kuma addu'a ba ta taɓa hana shan magani ba. Abin da muke faɗa shi ne babu ganye ko sassaƙe da aka tabbatar yana warkar da kansar prostat, kuma abin da ake kira "na halitta ne, ba ya cutarwa" shi ma sai an gwada. A Amurka da Kanada an yi wani babban bincike da maza sama da 35,000 don a ga ko bitamin E na kare mutum daga wannan ciwo. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna waɗanda suka sha shi sun fi kamuwa da kashi 17 cikin ɗari. Can Amurka ɗin dai, a 2002 an janye wani haɗin itatuwa mai suna PC-SPES da masu ciwon prostat suka yi ta rububi, bayan an gano an cakuɗa masa magungunan asibiti a ɓoye, har da mai tsinka jini. In haka ta faru a ƙasar da ke da masu sa ido, ina ga gorar da aka ɗura a bayan tasha? Mafi hatsari ma su ne haɗe-haɗen ƙarfin maza. Kansar prostat da sinadarin mazakuta take girma, wanda duk ya sha abin da aka zuba wa wannan sinadarin taki yake ba ta. Masu shan ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur kullum saboda baya, alhali fitsari ba ya fita daidai, su kuma ƙodarsu suke ƙara wa nauyi.

A nan dole mu taɓa kanmu. Mu ƴan rediyo ba mu da bakin zagin TikTok sosai, don kafin TikTok mu ne muka buɗe wa waɗannan mutane ƙofa. Mai magani ya zo ya sayi minti talatin, ya zauna kan kujerar da lokotoro ya zauna jiya, ya ce yana warkar da prostat da suga da hawan jini da rashin haihuwa da kwalba guda, mu kuma muna gefe muna cewa "madalla". Mun san halin da gidajen rediyo masu zaman kansu ke ciki, albashi sai an yi da gaske, kuran sai an biya. Amma tsohon da ke ƙauye bai san bambancin talla da shiri ba, shi dai a rediyo ya ji, kuma da muryar da ya yarda da ita. Yau guntayen irin waɗannan shirye-shirye ne ake yankawa ana watsawa a WhatsApp a matsayin shaida.

To ina za a samu bayani na ƙwarai? Akwai shi, kyauta ma, sai dai da Faransanci ko Ingilishi. Wanda ya yi lakwal ya rubuta "cancer de la prostate" ya haɗa da sunan Institut National du Cancer na Faransa, zai samu bayani dalla-dalla da aka rubuta don marasa lafiya da iyalansu, har da littafi guda a kan wannan ciwo da ake saukewa ba ko dala. Haka Ligue contre le cancer, haka ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Faransa, haka Société canadienne du cancer, da shafin hukumar lafiya ta duniya, OMS. Masu Ingilishi, musamman ƴan uwanmu da suka yi karatu a Najeriya ko Gana, ga shafin NHS da na Prostate Cancer UK. In ka buɗe irin waɗannan za ka lura da abin da ya raba su da mai farar riga: suna da suna da adireshi, suna rubuta ranar da aka sabunta bayanin, ba su sayar maka da komai, suna faɗin illar kowane magani tare da amfaninsa, kuma ko'ina suna maida ka wajen likitanka. Mu wannan na ƙarshen shi ne ma'auninmu. Bayanin da ya sa ka tashi ka tafi likita da tambayoyi a hannu, na ƙwarai ne. Wanda ya ce ba ka buƙatar zuwa, rufe shi.

Sai dai a karanta su da hankali, don ba don mu aka rubuta su ba. Za su ce maka a yi hoton IRM kafin biyopsi, su ambaci aiki da na'ura mai kama da mutum-mutumi, su ce inshora za ta biya. Mutumin Dakoro ko Tanut da ya karanta haka zai iya karaya ya ce ai ni tawa ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Abin ɗauka a ciki shi ne fahimtar ciwon da irin tambayoyin da za a yi wa lokotoro: ciwon yana cikin prostat ne ko ya fita? Mai saurin girma ne ko mai tafiyar hawainiya? Waɗanne hanyoyi ake da su nan ƙasar, kuma nawa ne? In ba a yi komai ba yanzu mi zai faru? Ko masu tambayar manhajojin nan na zamani da ke amsa kowace tambaya, su yi amfani da su wajen fahimtar kalmomin da ke cikin takarda, amma kada su bar su su yanke hukunci, don suna iya kuskure da cikakken ƙarfin hali.

Akwai kuma wani abu a waɗancan shafuka da ya shafe mu fiye da masu su. A Ingila an ƙiyasta namiji ɗaya cikin takwas zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa, amma a baƙar fata ɗaya cikin huɗu ne, shi ya sa suke shawartar baƙar fata ya fara maganar da likita tun yana shekara 45. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ciwon, hatsarinsa ya ninka fiye da sau biyu. Ke nan ɗan da ke riƙe da waya yana nema wa tsoho magani, maganar ta shafe shi shi ma, kuma ɓoye wa ƴaƴa sunan ciwon da ya kashe ubansu ba rufin asiri ba ne, hana su kariya ne. A duniya baki ɗaya an samu sababbin masu ciwon kusan miliyan 1.4 a 2020, kuma kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa adadin zai kai miliyan 2.9 nan da 2040, mafi yawan ƙarin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Batun mazakuta kuwa, tun da shi ne makamin masu talla, gara a faɗe shi a fili. E, aikin cire prostat na iya raunana kusantar iyali, yana iya sa yoyon fitsari na wani lokaci. Allurar da ke rage sinadarin mazakuta tana kashe sha'awa. Ba ƙarya ba ne, kuma likitan kirki zai faɗa maka kafin ya taɓa ka. Amma ba kowa ake wa aiki ba. Akwai wanda ciwonsa ke tafiya a hankali har a ce sa ido kawai za a yi, a dinga awo lokaci-lokaci. Akwai gashi da na'ura. Ko wanda ciwon ya kai ƙashi, akwai maganin da ke danne shi ya rage raɗaɗi, mutum ya ƙara shekaru yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Desmond Tutu an gano nasa a 1997, ya faɗa wa duniya da bakinsa, bai rasu ba sai a ƙarshen 2021 yana da shekara 90. Nelson Mandela an yi masa gashi a 2001, ya rayu har 2013. Shugaban Faransa Mitterrand kuwa ya san da nasa tun 1981, aka ɓoye wa jama'a har 1992. Kunyar nan ba mu kaɗai ke da ita ba, har fadar shugaban ƙasa ta shiga.

Nan gida ma ba a hannu rabbana muke ba. Babban asibitin Damagaram yana da sashen likitocin hanyar fitsari, haka asibitin Lamorde a Yamai. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, tana Yamai, kuma tun 2021 aka buɗe sashen gashi a cikinta, abin da a da sai an ƙetare iyaka. Hanya tana farawa daga CSI ko asibitin gunduma, a ba ka takarda zuwa gaba. Akwai nisa, akwai layi, akwai kuɗin mota da na masauki da na analiz, ba mu ce da sauƙi ba. Amma jika 60 ɗin yaron can da sun kai tsohonsa gaban lokotoro wata bakwai kafin daren da fitsari ya tsaya. In kuwa fitsari ya tsaya gaba ɗaya, wannan ba lokacin buɗe waya ba ne, a ɗauki mutum a kai likita a daren.

Sauran magana ita ce ta tallafi, don mai wannan ciwo ba bayani kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar wanda zai ce masa "ni ma na sa robar nan, ga yadda nake sallah da ita". Matanmu sun riga mu. Duk watan Oktoba ana maganar sankarar mama a rediyo da tituna, mace na iya tashi gaban jama'a ta ce ni an yi mini aiki ga ni da rai. Nuwamba da aka ware don ciwon maza kuwa, wucewa yake kamar ba a yi ba. A Turai akwai zaurukan intanet da masu ciwon ke haɗuwa, mai Faransanci zai iya shiga ya karanta, zai ƙaru. Sai dai wanda ke can ba zai gaya maka yadda za ka yi tafiyar Tawa zuwa Yamai da jakar fitsari a ƙafa ba. Wannan sai namu. Gurup ɗin WhatsApp na mutum goma ko ashirin, masu ciwon da masu jinyarsu, da ma'aikacin lafiya guda da aka sani da sunansa, da doka ɗaya tak, ba a talla, zai yi aikin da ba a zata ba. A kula dai: kada a watsa takardar analiz mai ɗauke da sunan tsoho a gurup na mutum ɗari biyar, kada a ɗauki hotonsa yana kwance a yaɗa don neman taimako ba da izininsa ba. In za a yi karo-karo, a yi shi ta hannun wanda aka sani, kuɗin ya tafi ga ordinas da rasit, don masu damfara da hoton marasa lafiya su ma suna nan.

Ku kuma matasa masu karanta Faransanci, ku ne tafintan gidajenku ko kun so ko ba ku so. In kun karanta, ku zauna ku fassara wa tsoho da ladabi, in nauyi ya hana, ku sa kawu ko amininsa. Ku raka shi randebu, ku riƙe karne guda da za a dinga rubuta kowace PSA da ranarta, don likita ya fi son ganin yadda take tafiya fiye da lamba guda. Kada ku ɓoye wa lokotoro abin da aka sha a gida, ko na gargajiya ne ko na farmasi, don akwai ƙwayar kumburin prostat da ke rage PSA kusan rabi, in bai sani ba zai karanta takardar ba daidai ba.

Roƙonmu na ƙarshe ga likitocinmu ne. Mun san kun yi kaɗan, mun san layin da ke ƙofarku. Amma mai farar rigar bogi yana sakin bidiyo uku a rana da Hausa mai daɗi, ku kuna rubuta rahoto da Faransanci don taron da mutum hamsin za su halarta. Bokal na minti uku da muryar likitan da aka sani, ya faɗi sunansa da asibitinsa, ya ce ga prostat, ga PSA, ga ranar da nake ganin marasa lafiya, zai zagaye Maraɗi da Damagaram kafin la'asar. Mu a namu ɓangaren muna da makirfo da wurin ɗauka, kuma ba za mu karɓi ko dala ba. Mun kuma yanke wa kanmu cewa duk mai maganin da zai ce yana warkar da kansa, ba da muryarmu za a gabatar da shi ba, ko da hakan zai jawo mana magana da masu gida.

Shi ɗan kabu-kabun, tsohonsa yana karɓar allura yanzu, ciwon bayan ya lafa har yana fita ƙofar gida. Babban wansa yana da shekara 47. Satin da ya wuce ya je an ɗebi jininsa, suna jiran sakamako.